FASHIN BAƘI: Sharaɗin taƙaita ƙara a kwangilar gini da sayen injuna, abin da doka ta ce da abin da ya kamata a gani a takarda

Idan hukuma ta ba da kwangilar gina asibiti ko sayo janareto, takardar yarjejeniya takan fayyace kaurin rodi, da ingancin siminti, da ƙarfin injin, da ranar miƙa aiki. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yawan ƙarar da injin zai riƙa yi, da kuma ko bangon da aka gina zai iya tare ta. Sakamakon wannan shiru kuwa yana bayyana ne bayan an yanke kirtani manyan baƙi sun watse: majinyaci ya kasa runtsawa saboda injin da aka girka a bayan tagarsa, malami ya riƙa ɗaga murya don ya danne ta malamin ajin da ke maƙwabtaka da shi. A lokacin an riga an biya ɗan kwangila, kuma babu wata jimla a takarda da za a kama shi da ita.

Ma'aunin da ke yaudarar mai lissafin kasuwa

Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma a takardu ana rubuta shi dB. Harafin A da ake ƙara masa, wato dB(A), yana nufin an daidaita awon da yadda kunnen ɗan Adam yake ji, domin kunne bai cika kama sauti mai kauri sosai kamar yadda yake kama matsakaici ba. Raɗa takan tsaya a wajen 30, hirar mutum biyu kuma a wajen 60.

Desibel ba ya tafiya kamar mudu ko kilo. Ƙarin 3 kacal yana nufin ƙarfin sautin ya ninka. Idan aka kunna janareto biyu iri ɗaya, kowanne yana ba da 70, jimlarsu 73 ce, ba 140 ba. Ƙarin 10 kuwa ninki goma ne na ƙarfin, kunne kuma yakan ji shi kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Saboda haka idan mai sayar da inji ya ce tsakanin nasa da wanda aka nema “desibel biyar ne kawai”, yana maganar inji ne mai fitar da sautin da ya ninka na farkon fiye da sau uku. Jami'in da ya karɓi wannan uzuri ya yi rangwamen da bai san girmansa ba.

Tazara ma tana da nata lissafin. A fili wanda babu katanga, duk lokacin da nisa daga injin ya ninka, ƙarar takan ragu da kusan 6. Wannan ƙa'ida ce ta sa lamba ba ta da ma'ana muddin ba a faɗi inda aka tsaya aka auna ta ba.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, an kafa ta ne da dokar 2007. A 2009 aka fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara na ƙasa a ƙarƙashinta, waɗanda suka raba wurare gida biyar. Asibitoci da manyan makarantu da ɗakunan karatu da makamantansu an sa musu iyakar 45 da rana, 35 da dare. Unguwar zama zalla 50 da 35. Unguwar da gidaje suka cakuɗu da ɗan kasuwanci 55 da 45. Inda gidaje suke tare da ƙananan masana'antu 60 da 50, yankin masana'antu kuma 70 da 60. Rana a nan tana farawa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare. Ga ma'aikaci a masana'anta kuwa, iyakar ita ce 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1.

Waɗannan lambobi ba su da sassauci. Ɗauki janareton da takardarsa ta ce yana ba da 70 a nisan mita 7, wanda a kasuwa ake kira marar ƙara. Idan aka ajiye shi a fili, sai an yi nisan fiye da mita 100 kafin ƙararsa ta sauko 45, sai kuma an kai kusan mita 400 kafin ta sauko 35. Babu asibitin cikin gari da yake da irin wannan fili tsakanin ɗakin inji da ɗakin kwanciya. Ma'ana, sayen “marar ƙara” shi kaɗai bai isa ya cika doka ba. Dole a haɗa da ɗaki na musamman, da salansa mai kyau, da zaɓen wurin da za a girka shi. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma abin da ba a rubuta a jadawalin kayan aiki da farashinsu ba, ɗan kwangila ba zai yi shi don neman lada ba.

Tarar da ƙa'idojin suka yanka wa kamfani tana iya kaiwa har naira 500,000, a lokacin da dala ɗaya take wajen naira 150. A yau wannan kuɗi bai kai farashin akwatin rufe babban janareto ba, don haka tsoron tara ba zai sa kowa ya sayi akwatin ba. A nan ne kwangila ta fi doka kaifi: doka tana jiran a kai ƙorafi, a bincika, a je kotu, ita kuwa kwangila tana riƙe kuɗin mutum tun kafin ya bar wurin aiki.

Abin da ke mai da sharaɗi ya zama sharaɗi

Jimlar da aka fi samu a takardun neman kwangila ita ce “janareton ya kasance marar ƙara”, ko “ɗan kwangila ya guji damun maƙwabta”. Lauya ba zai iya yin komai da irin wannan ba, domin babu injin da ba ya ƙara, kuma damuwa ba ta da ma'auni. Sharaɗin da zai tsaya a gaban alƙali sai ya ambaci lamba, da wurin da za a auna ta, da halin da injin zai kasance a lokacin awon, da na'urar da za a yi amfani da ita, da wanda zai auna, da abin da zai biyo baya idan aka gaza.

Batun wurin awo shi ne inda aka fi yin wasa da hankali. Masu ƙera janareto sukan ba da lambarsu a nisan mita 7, wasu kuma a mita 1, kuma tsakanin biyun akan samu tazarar wajen desibel 10 a kan inji ɗaya. Idan takarda ta ce 75 ba ta faɗi nisa ba, mai kawo kaya zai zaɓi nisan da ya fi yi masa daɗi. Indiya ta toshe wannan ƙofa tun daga Janairun 2005, inda ta wajabta wa masu ƙera janareton dizal har zuwa kVA 1,000 su haɗa shi da akwatinsa tun daga masana'anta, kuma ƙararsa kada ta wuce 75 a nisan mita 1 daga jikin akwatin. Lamba ɗaya, nisa ɗaya, babu wurin musu.

Akwai wani ruɗanin da ya fi wannan. Injunan da aka ƙera don kasuwar Tarayyar Turai suna ɗauke da tambari mai haruffan LWA da lamba, bisa wata dokar tarayyar ta shekarar 2000 kan injunan da ake amfani da su a waje. Wannan lamba ba ƙarar da kunne zai ji a wani wuri ba ce; jimlar sautin da injin yake fitarwa ce ta kowace fuska. Injin da tambarinsa ya ce 95 zai ba da wajen 70 ga wanda ya tsaya a mita 7. Kwamitin tantance kwangila da ya jera 95 na wani kamfani kusa da 70 na wani, ya ba na biyun nasara, yana iya kasancewa inji iri ɗaya ya gwada da kansa.

Sai kuma halin da injin yake ciki. Janareton da ke aiki ba a ɗora masa kaya ba ya fi wanda ke jan dukan ginin shiru, kuma awon da aka yi ƙofar akwatin a rufe ba zai yi daidai da abin da za a ji a watan Afrilu ba, lokacin da mai kula da injin ya wangale ƙofofin don kada ya yi zafi. Wannan ɗabi'a ta buɗe ƙofa alama ce ta cewa tun farko ba a tsara hanyar shigar iska da fitarta daidai da zafin ƙasar ba, kuma gyaranta a kan takarda yake: a rubuta cewa dole injin ya cika sharaɗin ƙara da na sanyaya kansa a lokaci guda, ƙofa a rufe, da cikakken kaya, a zafin da aka ambata. Na'urar awo kuwa ta kasance mai bin mizanin IEC 61672, da shaidar an daidaita ta. Manhajar waya tana da amfani ga ɗan jarida ko mazaunin unguwa da ke son sanin ko akwai abin bincike, amma ba hujjar riƙe kuɗin kwangila ba ce.

Girgiza 'yar uwar ƙara ce, kuma tana bi ta siminti zuwa ɗakin da ke nesa. Famfon tura ruwa, ko babbar na'urar sanyaya ɗaki, ko injin da aka ɗaure kai tsaye a kan daɓen bene, duk za su sa ginin ya riƙa ruri. Maganin shi ne a ɗora su a kan roba ko sifirin, a kuma haɗa bututunsu da mahaɗi mai lanƙwasa. Matsalar ba sabuwa ba ce. Ibn al-Rami, wani magini ɗan Tunis da ya rayu a ƙarni na 14, ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini a mazhabar Malikiyya, inda ya kawo yadda ake gwada ko injin niƙan da dabba ke juyawa yana cutar da bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare, a zuba mata busassun ƙwayoyi, a kunna niƙan, idan suka motsa to cutar ta tabbata. Shekara ɗari bakwai da suka wuce ke nan, kuma gwajin yana da wurin awo da hukunci, abin da takardu da yawa na yau ba su da shi.

Bango, taga, da rufi

A gini abu biyu ne daban ake nema, kuma akan cakuɗa su. Na farko tare sauti, kada ya ƙetara daga ɗaki zuwa ɗaki. Na biyu shanye sauti, kada ya yi ta kai-komo a cikin ɗaki ɗaya. Soso da labule da kwalin ƙwai da ake mannawa a bangon sutudiyo aikinsu na biyun ne, na kwalin ma kaɗan ne. Ba sa hana maƙwabci jin komai. Abin da ke tare sauti shi ne nauyi da rashin kafa. Duk lokacin da nauyin bango ya ninka, abin da yake tarewa yakan ƙaru da wajen 5 zuwa 6. Shi ya sa tsohon soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yake da natsuwar da ba a samu a ɗakin bulo mai rami da rufin kwano, inda ruwan saman Agusta kan tsayar da darasi cak.

Kafa kuwa ita ce ke rusa komai. Bangon da zai iya tare 45, idan aka bar kashi ɗaya cikin ɗari na faɗinsa a buɗe, ba zai tare fiye da 20 ba. Tagar gilashi mai yanka-yanka, da ratar ƙarƙashin ƙofa, da ramin da aka fasa don bututu ba a cike ba, duk irin wannan kafa ce. Wadda ta fi yawa a makarantu da ɗakunan shan magani ba a ganin ta: maginin ya tsayar da bangon tsakiya a daidai silin, bai kai shi rufi ba, sai sauti ya haura ta sama ya sauka a ɗaki na gaba. A aji wannan damuwa ce kawai, amma a ɗakin ganin likita yana nufin na kan layi suna jin sirrin wanda ke ciki. Layin bulo uku ko huɗu ne aka yi tsimi a kansu.

Ana bayyana ƙarfin bango ko ƙofa wajen tare sauti da lambar Rw a tsarin ISO 717, ko STC a Amurka. Sai dai a ɗakin gwaji ake samo waɗannan lambobi, inda aka girka kayan babu kuskure. A ginin gaske sakamakon yakan sauko, saboda sauti yana zagayawa ta daɓe da bangon gefe. Don haka kwangilar da ta tsaya a kan lambar masana'anta ta sayi alkawari ne. Wadda ta nemi a auna a cikin ginin da aka gama ita ce ta sayi sakamako. Ingila ta bi hanya ta biyu tun 2003: bangon da ke raba sababbin gidaje biyu dole ya tare aƙalla 45 bisa ma'aunin da ake yi a wurin, kuma sai an gwada kafin kammalawa, ko magini ya bi tsarin ginin da aka riga aka amince da shi.

Ga makarantu da asibitoci akwai lambobin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a jagoranta na 1999: ƙarar da ke cikin aji kada ta wuce 35 lokacin darasi, amon murya ya mutu cikin wajen daƙiƙa 0.6, ɗakin barci kuma 30 da dare. Aji mai daɓen siminti, bango sumul, babu silin, ba zai kusanci wannan ba, kuma yaran da suka fi cutuwa su ne na bayan aji da masu koyo cikin harshen da ba nasu ba, domin su sai sun ji kowane harafi kafin su gane kalma. Tsarin gine-gine na ƙasa da Najeriya ta fitar a 2006 yana aiki ne inda jiha ta ɗauke shi ta mai da shi dokarta, don haka mai ba da kwangila ba zai jingina da shi ya yi shiru ba.

Lokacin da ake aikin

Ƙarar wurin gini ta ɗan lokaci ce, sharuɗɗanta kuma ba su da wuyar rubutawa: awannin aiki, hana fasa dutse ko zuba kankare da dare sai da izini, hanyar da tifofi za su bi, sanar da maƙwabta kafin aiki mai tsanani, da abin toshe kunne ga lebura. Na ƙarshen ya fi sauran muhimmanci, domin jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rancensu sun fi sauran tsari a nan. Jagororin muhalli da lafiya na rukunin bankin, na 2007, sun sa 55 da rana da 45 da dare ga gidaje da makarantu, 70 ga wuraren masana'antu da kasuwanci, ko kuma aikin kada ya ƙara fiye da 3 a kan ƙarar da wurin yake da ita tun asali. Sharaɗin nan na ƙarshe yana buƙatar a auna kafin a fara aiki. In ba a yi ba, ɗan kwangila zai ce dama haka unguwar take, kuma babu mai ƙaryata shi. A irin waɗannan ayyuka akan ɗora wa ɗan kwangila tsarin kula da muhalli a cikin yarjejeniyar, da hanyar karɓar ƙorafin jama'a, kuma takardun tantance tasirin aikin akan wallafa su.

Wa zai riƙe kuɗin, wa zai tambaya

Sharaɗi yana samun haƙora ne idan aka ɗaura shi da biya. A kwangilar gini akan riƙe wani kaso, galibi 5 cikin 100, har sai wa'adin gyaran kurakurai ya cika. Idan yarjejeniya ta sa awon ƙara cikin gwaje-gwajen karɓar aiki, injiniyan da ke sa ido yana da ikon ƙin sa hannu a takardar kammalawa, a gyara da kuɗin ɗan kwangila, a sake aunawa. Mai awon ya kasance wanda ba ɗan kwangila ne ya ɗauko shi ba. Mai kaya ba ya cewa kayansa sun lalace.

Maƙwabcin da ƙarar ke hana barci ba ya cikin yarjejeniyar, don haka a ƙa'idar shari'a ba zai iya ƙarar ɗan kwangila da saɓa ta ba. Hanyarsa ita ce ƙorafi ga NESREA ko hukumar muhalli ta jiha, ko shari'ar cutar da maƙwabci. Kotunan Najeriya sun daɗe da karɓar irin wannan: a shari'ar Abiola da Ijoma ta 1970, Babbar Kotun Legas ta ba mai ƙara gaskiya a kan maƙwabcin da kajinsa ɗaruruwa suke damun sa da kuka da wari. Amma wannan hanya ce mai tsawo, ana bin ta ne bayan ɓarna ta auku.

Ga mai son sa baki tun da wuri, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce bayanan kwangilar tarayya da ba na sirri ba a buɗe suke ga jama'a, ta kuma wajabta gayyatar masu sa ido daga ƙungiyoyin ƙwararru da na farar hula. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata. Takardun da za a nema su ne ƙayyadaddun sharuɗɗan aikin, da jadawalin kayan aiki da farashinsu, da rahoton gwajin karɓar aiki. A na farko a duba ko akwai lamba da nisa. A na biyu a duba ko an ware kuɗin akwati, da salansa, da robar ɗora inji, da kai bango har rufi. Idan jadawalin ya nuna an biya kuɗin janareto mai akwati, aka je wurin aka tarar da inji tsirara a ƙarƙashin rumfar kwano, to batun ya tashi daga na muhalli ya koma na kuɗin jama'a, kuma bambancin farashin injunan biyu abu ne da kowane dillali a kasuwa zai iya faɗa wa mai tambaya.